Kawu Mai Taki da Tarinsa na Ƙarshe

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, da mai ƙamshin turare da mai warin taki. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a ƙarshen daminar da ta wuce, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, daidai lokacin da shinkafa ta sunkuyar da kai, masu noman rani suka fara yayyafa irin tumatir. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni makaniken injin ban-ruwa ne, hannuna ya fi sabawa da baƙin mai a kan biro. Amma abin da na gani a zaman makokinsa, da abin da ya biyo baya, ya tsaya mini a maƙoshi, in ban amayar da shi ba ba zan samu lafiya ba.

Jama'a kam an yi, tabarmi har bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, don haka kowane mai hali ya zo da tasa ya ajiye a gaban gwiwa, ana tsakiyar addu'a ta ɗau kuka, ya wani ce "afuwan" da ƙarfi don a san tasa ce. Alhaji mai injin casar shinkafa na bakin titi ya zo da shadda tana ƙara, ya zauna ya girgiza kai ya ce, "Mun yi rashin uba. Wallahi garin nan ya zama maraya." Na dube shi sama da ƙasa. Wannan bawan Allah, in Kawu ya shigo harabar injinsa da jakuna, da hannun babbar riga yake toshe hanci, ya ce wa yaransa su sallame shi tun daga bakin ƙofa.

Kansila ma ya zo. Ya yi jawabi, ya ce marigayi gwarzo ne wajen ciyar da al'umma gaba, kuma tarihi ba zai manta da shi ba. Yana zama sai na ji ya karkata wajen babban ɗan Kawu yana tambaya ƙasa-ƙasa, "Wai wace sana'a ce ma marigayin yake yi?"

"Manomi ne," in ji ɗan. "Da ɗan kasuwanci haka."

Na ce, "Mai taki ne, ranka ya daɗe. Kashin shanu yake tarawa ya sayar."

Aka ɗan yi dariya aka rufe baki, wani ya ce, "Kai, taubasai! Ko a makoki ba za ku bari ba?" Don ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, taubasan juna muke tun muna tsirara. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, kuma duk abin da ya fito daga bakin ɗaya a kan ɗaya, gari ya riga ya yanke cewa wasa ne. Ni kuwa ranar ba wasa nake ba.

Mutum ɗaya ne ya yi gaisuwar da ta shiga raina. Wani tsohon Bafulatani ne da suka daɗe suna hulɗa da Kawu. Ya jingine sandarsa, ya tsuguna can ƙarshen tabarma inda takalma suke. Kowa yana cewa Allah Ya ba ku haƙuri, shi sai ya ce, "Allah Ya ba mu haƙuri." Ya ƙi cin abinci, ya tashi ya koma wajen shanunsa.

To bari in faɗi sana'ar da ɗansa yake jin kunyar ambata. A yankinmu komai ƙonawa ake yi. Masu injin casa su tara ɓuntun shinkafa ya yi tsauni su cinna masa wuta, ya yi ta ci a hankali, hayaƙi ya rufe titi, tsofaffi su yi ta tari. Manoma su gama bugun shinkafa su ƙone tattakar a gona. In tumatir ya yi kwantai, a zubar da shi kwando-kwando a bakin hanya, ƙudaje su yi biki. Kawu shi ne ya bi duk wannan yana kwashewa. Tattaka ya kai wa Fulani shanu su ci, su bar shi ya share kashin da ke makwancinsu. Daga wannan musayar ne ma shanu suka rage faɗa wa gonakin gefenmu, don wanda ya ƙoshi a ruga ba ya ɓarna a komin albasa. Ɓuntu, kashin shanu, ruɓaɓɓen tumatir, tokar murhun mata masu turara shinkafa, ya shimfiɗa su hawa-hawa a filinsa na bakin titi, ya yayyafa ruwan kanal, ya rufe da tsohuwar zana. Sai juyawa, sai jira. In ya yi, ya loda wa jakuna a mangala ya kai wa mutum har gonarsa.

Akwai masu kawo sharar birni a tifa su ce taki ne, ka zuba a gona ka shekara kana tsintar leda da fasassun kwalabe da batir. Kawu kuwa zama yake a kan tarinsa da tsohon kwano yana tsince leda ɗaya-ɗaya, ko guntun da bai kai farce ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, wa zai ga wannan?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Akuyar da za ta haɗiye shi."

Yadda yake gane taki ya yi, ai duk ƙauye an sani. Zai naɗe hannun riga ya cusa hannunsa cikin tarin har kafaɗa, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu, ya zaro ya shanshana. In da ɗumi a ciki, ko da ɗan tsami a hanci, sai ya ce, "Da saura." Wato bai huce ba. Ɗanyen taki wuta ne, in ka sa wa dashe sai ya cinye saiwar, ganye ya yi rawaya, gara ta biyo ɓuntun ta ƙarasa sauran. Saboda yawan faɗar kalmar nan har sunansa ya koma Da-saura. Yara su bi jakunansa suna kira, manya su yi murmushi ba su hana ba. A gida ma haka yake. In an kawo masa shayi ya kurɓa, da saura. In aka ce yarinya ta isa aure, da saura. Mahaifiyata, ƙanwarsa, takan ce ko Mala'ikan mutuwa ne ya zo, Yaya zai ce masa da saura.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya. Yana da taurin kai na ban haushi, ba ya ba da haƙuri, kuma in ya ɓata da kai sai ya gaishe ka da cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar kaji, don ka san ba ya yi da kai. Rigar sallarsa ma warin aikinsa take. Matarsa ta yi fama har ta gaji.

Rigimarsa da Alhaji mai injin casa a gabana aka yi, ina gyaran wani inji a gefen filin. Shekarar takin zamani ya yi wuya, sai wanda ya san wani a jam'iyya. Alhaji yana da gonar tumatir mai faɗi a Kadawa, ya zo da tifa da 'yan lodi ya ce a kwashe masa tarin gaba ɗaya. Ranar bai toshe hanci ba. Kawu ya cusa hannu ya zaro.

"Da saura, Alhaji."

"Na ji. A loda."

"Zai ƙone maka dashe."

"To ina ruwanka? Gonata ce ko taka?"

"Gonarka ce," in ji Kawu. "Takin kuma nawa ne."

Alhaji ya kumbura, ya ce ɓuntun ma ai daga injinsa aka kwasa, daga yau kada ya sake ganin ƙafar jaki a harabarsa. Kawu ya goge hannu a zana ya ce, "Takin bai huce ba, kai ma na ga ba ka huce ba. Je ka, in kun huce ku duka biyu sai a yi magana." Tifa ta juya babu komai. Daga ranar sai da Kawu ya riƙa zuwa har bayan Kura neman ɓuntu, da tsufansa, yana bin jakuna a ƙasa. Wannan shi ne uban da Alhaji ya ce ya rasa.

Wani halin nasa kuma, duk tarin da ya huce, mangalolin farko ba na sayarwa ba ne. Na mutanen wutsiyar kanal ne, waɗanda ruwa ba ya isa gonarsu sai na sama sun sha sun yi wanka. Yakan ce ƙasar da ta ci taki ta fi riƙe laima, su suka fi bukata. A cikinsu akwai ladanin masallacinmu, dattijo mai sanyin murya, mai 'ya'ya mata da yawa, wanda ɗan filin tumatir ɗin nan na aro shi ne abincin gidansa na shekara. Ladan bai taɓa taɓa takin Kawu da hannu don ya gwada ba. Ba shi kaɗai ba, duk ƙauyen. Kawu ya sangarta su. In dai daga filinsa ya fito, zubawa kawai ake yi a yi dashe.

Babban ɗansa, taubashina, tun yana saurayi ya tsani filin nan. Ya ce a makaranta ana kiransa ɗan Da-saura. Ya bar gida ya buɗe shagon maganin feshi da takin zamani a Kura, ya yi babur, ya yi tumbi, ya je Makka. Ban ƙi shi da arziki ba, Allah Ya ƙara masa. Amma in ya zo gaida uwarsa, ta bayan gari yake zagayowa don kada a gan shi ya tsaya a filin. Ya daɗe yana yi wa uban naci a share wurin a gina shago, tunda bakin titi ne. Amsar Kawu ba sai na faɗa ba.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, tari ɗaya ne ya rage a filin, babba, wanda ya haɗa da damina don masu dashen tumatir. Wata safiya ya ce lallai in ɗora shi a babur in kai shi. Na kai shi, na riƙe shi ta ƙugu, ya naɗe hannun rigar da ta yi masa yawa ya cusa. Ya daɗe. Ya zaro ya shanshana.

"Da saura sosai," ya ce. "Ruwa ya yi masa yawa bana, ban samu juya shi ba. Wannan ba na tumatir ba ne, sai dai alkama ko baɗi. Ka faɗa musu kada kowa ya taɓa."

Na cusa nawa hannun, na ji zafi kamar cikin tukunyar tuwo. Bayan nan bai ƙara fita ba. Ɗan nasa yana ta aiko da lemon kwalba da saƙon yana nan tafe. Ranar da ya iso, Kawu ya riga ya daina magana. Ina ɗakin, mahaifiyata tana ɗakin.

Ana gama sadakar bakwai sai ga tifar bulo an sauke a gefen filin. Sai ga 'yan ƙwadago an sa su baje tarin a rana ya sha iska, a barbaɗa masa toka, a ɗura a buhunan takin zamani. Taki in ka baje shi dole ya yi sanyi a hannu, amma sanyin hannu daban, hucewa daban. Sai ga sanarwa a bakin masallaci, wai takin marigayi na ƙarshe, za a sayar da rahusa don ladan abin ya kai masa kabari.

Na samu taubashina a filin na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Takin nan ɗanye ne. Kawu da bakinsa ya ce kada a taɓa."

Ya ce, "Baba ya faɗa mini ya huce."

"Yaushe? Da wane bakin?"

"Tsakanin ɗa da uba ne wannan. Kai da ba ka da ko tsinke a gadon nan, me ya dame ka?"

Gaskiyarsa ta nan, ɗan mace ba ya gadon kawu. Na je wa mahaifiyata, ta yi kuka ta ce ita ma ta san ƙarya ne, amma in rufa mata asiri kada in raba zumunci gawar Yayanta ba ta gama sanyi ba. Ban ji maganarta ba. Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci, mutane suna neman takalma, na ɗaga murya na ce kada wanda ya sayi takin nan, zai ƙone dashe, marigayi ya hana. Taubashina yana tsaye. Bai musa ba, bai yi fushi ba. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Jama'a kun ji bawana! Don ban ba shi buhu kyauta ba ne. Zo gobe ka yi mini dako in sallame ka."

Wallahi masallaci ya ɗauka da dariya. Na ce ba wasa nake ba, aka ƙara fashewa. Na rantse da Allah, wani dattijo ya ce, "A'a, wasa ban da rantsuwa, ɗan nan." Har da masu cewa in rama, in ce masa shi ne bawan. Mutanen da suka san ɗanyen taki tun kafin a haife ni, ba wanda ya ce bari in buɗe buhu in shanshana. Sun ji rahusa, sun ji sunan Kawu, sun ji taubasai na cacar baki, shi ke nan hankali ya tafi kiwo. Ban taɓa raina mutanen garinmu kamar ranar ba, kuma har yau ban dawo da su inda suke a idona ba.

Na bi Ladan har gida, don shi na fi ji. Ya shimfiɗa mini buzu ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Haba ɗana. Wasanku na taubasai har a kan mamaci? Ɗa zai yi wa ubansa ƙarya yana kwance a kabari? Kada ka sa ni zargin Musulmi."

Na ce, "Baba Ladan, ko buhu ɗaya ka jiƙa ka rufe, ka sa hannu ka ji."

Ya ce, "Takin kawunka ne fa. Ban gwada shi yana raye ba, ba zan gwada shi yana matacce ba."

Masu hali sun sayi kaɗan sun haɗa da na zamani, ɓarnarsu ba ta yi yawa ba. Ladan kuwa, da yake an yi masa rahusa ta musamman, shi ya fi kowa kwasa. Ya zuba a kowane komin gonarsa, ya dasa irin da ya raina da hannunsa, 'ya'yansa mata suna ɗebo ruwa da bokiti saboda na kanal bai iso ba. Dashen ya tsaya kamar zai kama. Sai ganye ya fara rawaya daga ƙasa, sai ya naɗe, sai ya kwanta. Na je na tuge ɗaya, saiwar ta yi baƙi, gara ta cika ramin. Ga lokacin dashe ya wuce, ga ba sauran iri. Na tarar da shi tsaye a kan kunyar gona da carbi a hannu. Da ya gan ni sai ya juya fuska.

Kafin a ce haka magana ta zaga gari, amma ba irin wadda nake jira ba. Wai tsufa ne. Wai hannun Da-saura ya daina ji a ƙarshen rayuwarsa. Wai dama ciwo yakan taɓa hankali. Taubashina ne ya fara sakinta a shagonsa, cikin jimami, yana cewa shi abin da Baba ya faɗa masa ya bi. Alhaji mai injin casa ya ce shi dama ya daɗe da sanin aikin tsohon nan camfi ne kawai. A lokacin an riga an share filin, ginin shago ya kai taga.

Ranar sadakar arba'in aka sake shimfiɗa tabarmi. Aka yi karatu, aka raba waina. Liman zai rufe da addu'a sai Ladan ya miƙe tsaye, ya rame, rigarsa tana lilo a jikinsa. Ya ce yana da magana.

"Jama'a ku shaida," ya ce. "Kun san abin da ya samu gonata. Na kwana biyu ina jin wani abu a raina game da marigayi, kuma ba na so in tashi da shi gaban Allah. Mutumin kirki ne, ya yi mini alheri shekara da shekaru. Kuskure ɗaya ne ya yi, kuma tsufa ne. Na yafe masa duniya da lahira. Kada Allah Ya kama shi saboda ni."

Wuri ya ɗau kabbara. Madalla, madalla, Allah Ya biya ka, Ladan. Taubashina ya ciro hankici ya dafe ido, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Mun gode, Baba Ladan. A madadin mahaifinmu, mun karɓa. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Aka ɗaga hannuwa. Ni nawa suna kan cinya, na rasa abin da zan ce wa amin.

Kawu, Allah Ya haskaka makwancinka, Ya gafarta maka kurakuranka na gaske, don kana da su kamar kowa. Wannan dai ba ya ciki.